Injin Albashi Bai San Dare Ba Sai An Gaya Masa

Kwanakin baya muka je rangadi wata makarantar kwana a ƙasar Matazu, muka iske wani dattijo maigadi zaune a ƙofar ofishin akawu tun da hantsi, ya ƙi tafiya gida ya yi barci. Muka tambayi abin da ya zaunar da shi. Aka ce ai wata biyu ke nan albashinsa yana zuwa a gutsure, kuɗin kwanan gadi ba su fita. Akawu ya rantse bai taɓa ko kwabonsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Da aka buɗe kwamfuta aka duba, sai ga inda gizo ke saƙa. Maigadi ya kan kama aiki ƙarfe shida na yamma, ya tashi ƙarfe shida na safe. Wanda ya shirya injin bai gaya masa akwai aikin da ke ƙetare tsakar dare ba. Shi kuwa inji, da ya ga shida nan, ya ga shida can, sai ya ɗebe wannan daga waccan ya rubuta sifiri. Watau bawan Allah ya kwana yana zagaye da tocila cikin hunturu, amma a littafi bai zo aiki ba.

An gyara, an biya shi. Amma abin ya tsaya mana a rai, gama yanzu ofisoshi da asibitoci da masana'antu, daga Matazu har Malumfashi da Funtuwa, suna ta barin babban littafin albashi suna komawa kwamfuta, kuma akawuna su ne za a ɗora wa wannan kaya. Abin da mu ke so mu nuna cikin wannan bayani guda ne. Injin albashi ba ya yanke hukunci, abin da aka faɗa masa shi ya ke maimaitawa kowane wata. Saboda haka dole a zauna a daidaita sharuɗan aiki a rubuce, kowa ya ji ya yarda, sa'an nan tukuna a zuba su cikin inji.

DAGA TANKIFA ZUWA KWAMFUTA

Ƙidayar sa'o'in ma'aikata ba baƙon abu ba ne a kudancin Katsina. Tun zamanin Turawa auduga ta zama babbar hajar ƙasar nan. Kamfanin BCGA, wanda mutane ke kira Bisije, ya kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa kuwa ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. In kaka ta yi aka ɗebi leburori, akwai mutum guda da kowa ke kallon hannunsa, shi ne tankifa. Yana tsaye bakin ƙofa da littafinsa, helma na kiran suna, shi yana sa alama. A Baitulmali kuma, wanda Katsina ta riga sauran ƙasashen Arewa kafawa a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, akawun En'e ya kan jera albashin hakimai da alƙalai da malamai da 'yan doka cikin babban littafi, ya haɗa lissafi da hannunsa.

Tankifa yana iya kuskure, wani lokaci ma yana iya son kai. Amma ya san mutanensa, ya kuma san wanda ya kwana bakin inji bai yi fashin aiki ba. Kuskurensa a kan mutum ɗaya ya ke tsayawa, a yi gardama da safe a gyara kafin azahar. Kuskuren inji kuwa ya kan faɗa wa kowa da kowa lokaci guda, ya kuma dawo wata mai zuwa kamar yadda ya zo.

A Ingila aka ga farkon abin. Wani kamfanin shayi da burodi na birnin Landan, mai suna J. Lyons, ya ƙera kwamfutarsa da ya kira LEO, a 1954 ta soma lissafin albashin matoyansa. Lissafin mutum ɗaya da ya kan ci wa gwanin akawu minti takwas, ita ta kan gama shi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. A nan Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta fara biyan ma'aikatanta ta tsarin IPPIS a 2007, kuma ya taimaka wajen tono sunayen ma'aikatan bogi. Amma malaman jami'a suka yi ta kuka, suka ce an ɗinka rigar ne bisa awon ma'aikacin ofis, ba ta san malamin da ke koyarwa na ziyara a wata jami'a ba, ba ta kuma san ladan yawan aiki ba. Maganar tana cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yarda a fid da jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin horon malamai daga tsarin. In haka ta faru ga Gwamnati mai ƙwararru, ina ga ƙaramin ofis mai akawu ɗaya?

ABIN DA DOKA TA FAƊA DA ABIN DA TA BARI

Kafin a taɓa inji sai a buɗe Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ita ke aiki. Dokar ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Ba ta haɗa da shugabanni da masu aikin ƙwarewa ba, su nasu sharuɗan suna cikin takardar ɗaukarsu, ko cikin ƙa'idojin aikin Gwamnati da sakulorin da ke fitowa.

Sashe na 13 shi ne tushen maganarmu. Ya ce sa'o'in aiki na kullum a kan tsai da su ta ɗayan hanya uku: ko da yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko da shawara da ƙungiyar ma'aikata, ko ta hukumar tsai da lada ta wannan sana'a. Duk abin da aka sa mutum ya yi bisa waɗannan sa'o'i ya zama aikin ƙari, wanda leburori ke kira obataya. Wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutu a tsakani, wanda jimlarsa ba ta kasa awa ɗaya ba. Cikin kowane kwana bakwai kuma yana da ranar hutu guda, awa 24 a jere. In aka ci masa ita, sai a rama masa da wata cikin kwana 14, ko a biya shi ladan ƙari maimakonta.

To, ku lura da abin da dokar ba ta faɗa ba. Ba ta ce awa kaza ne aikin mako ba, ba ta kuma ce ladan awar ƙari kaza ne ba. Ta bar wa masu yarjejeniya. A waɗansu wurare an yanke magana tuni. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a taronta na farko a Washinton cikin 1919, ta sa awa 8 a yini da awa 48 a mako ga masana'antu, ladan ƙari kuwa kada ya kasa ladan awa ɗaya da kwata. Amurka ta yi tata dokar a 1938, inda a yau duk awar da ta haura 40 a mako a ke biyanta ɗaya da rabi. Dalilin da ya sa muka kawo wannan shi ne, manhajojin albashi da yawa daga waje a ke sayo su, suna iya zuwa da ƙa'idar ƙasarsu a ciki. Wanda ya kunna ya bar ta yadda ta zo, ya ɗora wa mutanensa dokar wata ƙasa bai sani ba.

Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗansa kafin wata uku su wuce da fara aiki, da sa'o'insa da ladansa a ciki. Sashe na 75 kuma ya ce a ajiye littattafan albashi har shekara uku. Wannan takarda ta sashe na 7 ita ce uwa, abin da ke cikin inji kwafinta ne kawai. In suka saɓa, takarda a ke bi.

TSARA DUTI

Mataki na fari shi ne a gaya wa inji irin duti nawa a ke yi a wurin, kowane a ba shi suna, da lokacin kamawa, da lokacin tashi, da hutun da ke ciki, a kuma faɗa ko hutun nan a na biyansa ko ba a biya. A masaƙa ko injin casar shinkafa mai aikin karɓa-karɓa a kan raba yini uku: na safe daga shida zuwa biyu, na rana daga biyu zuwa goma, na dare daga goma zuwa shida. Masu gadi su kan yi awa goma sha biyu. Masu dafa abincin makarantar kwana kuwa dutinsu a rabe ya ke, su zo da asuba, su koma, su dawo da la'asar. In ba a shigar da shi kashi biyu ba, ko dai inji ya ƙidaya musu dukan yinin, ko ya yar da rabin na yamma.

Dutin dare shi ne ramin da ya fi cin mutane. Sai a zaɓi tsarin agogo mai awa 24, yadda shida na yamma za ta zama 18, a kuma sa alamar da ke nuna dutin ya ƙetare zuwa gobe. Sa'an nan a yanke shawara, wace rana ce ke da shi, ranar kamawa ko ranar tashi? Ɗauki wanda ya kama aiki ƙarfe goma na daren 30 ga Satumba, ya tashi shida na safiyar 1 ga Oktoba. Awa biyu sun faɗa cikin wata guda, awa shida cikin wani watan, kuma waɗannan shidan ranar hutun Mulkin Kai ce. A wane wata za a biya shi? Da ladan kullum ko da ladan ranar hutu? Kowace amsa aka zaɓa tana iya zama daidai, muddin an rubuta ta tun da wuri, kuma ita a ke yi wa kowa.

Akwai kuma abin da ƙasarmu ta keɓanta da shi. Dutin ranar Jumma'a ya kamata ya zama daban, da lokacin masallaci a ciki, kada inji ya riƙa rubuta wa mutane makara kowane mako. Haka watan azumi, inda wurare da yawa su kan sake lokacin tashi. Da damina rabin ma'aikatanmu manoma ne, su kan yi musayar duti tsakaninsu don shuka da noma. Musayar ba laifi ba ce, amma a rubuta ta, shugaba ya sa hannu, in ba haka ba wanda ya yi aikin zai rasa, wanda ke gona ya samu. Mu kuma tuna da halin da hanyoyinmu su ke ciki shekarun nan saboda 'yan bindiga. Duti mai tashi ƙarfe goma na dare yana da kyau a takarda, amma wanda zai hau babur ya nufi ƙauye a wannan sa'a da ransa ya ke caca. Gwamma a ja lokacin, ko a tanadi wurin kwana. Dokar Ƙwadago kuma ta taƙaita aikin dare ga yara 'yan ƙasa da shekara 18, da kuma mata a masana'antu da gonaki, ban da masu jinya da shugabanni. Inji mai kyau yana iya yin gargaɗi in aka sa irin waɗannan a dutin dare, amma sai an nemi ya yi.

INA AIKIN ƘARI YA KE FARAWA?

Mataki na biyu shi ne iyakar da in an haura ta an shiga ƙari. A na iya aunawa da yini, a na iya aunawa da mako, kuma tsakaninsu akwai kuɗi. Ga misali. Lokacin gurzar auduga aiki ya matsa, wani ya yi awa 12 ran Litinin, 12 ran Talata, 12 ran Laraba, ran Alhamis auduga ta ƙare ya yi awa 4 aka sallame shi. Jimla awa 40. In ƙa'idar mako aka sa, ba shi da ƙarin ko minti ɗaya. In ta yini aka sa, watau abin da ya haura awa 8, yana da awa 12 cur. Mutum ɗaya ne, gumi ɗaya ne, amma alama guda da akawu ya danna ta raba lissafin biyu. Inda a ke bin ƙa'idojin duka biyu, sai a gaya wa inji kada ya ƙidaya awa ɗaya sau biyu, gama a nan kuma mai aiki ne zai cutu.

Bayan wannan sai ninki. Galibin yarjejeniyoyi su kan bambanta ƙarin ranar aiki da na ranar hutun mako da na ranar hutun Gwamnati, na baya ya fi na farko tsada. Kowane sai a buɗe masa layinsa. Alawus na dutin dare kuma abu ne dabam da ladan ƙari. Mai jinya da ta yi awa takwas da dare ba ta yi ƙari ba, amma tana da alawus na duti in tsarin albashinta ya tanada. Kada a cuɗa su wuri ɗaya.

LISSAFIN DA BA A GANI

Yanzu ga wurin da mu ke roƙon malaman lissafi su tsaya su duba da kyau. Yawancin mutanenmu albashin wata a ke ba su, ladan ƙari kuwa da awa a ke lissafa shi. To, ta yaya a ke fid da ladan awa daga albashin wata? Sai an raba da wani adadi, kuma wannan adadi yana ɓoye cikin inji inda ma'aikaci ba ya gani.

Mu ɗauki Naira 70,000, watau mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yuli na 2024. In aikin mako awa 40 ne, a shekara awa 2,080 ke nan, a wata 173 da sulusi, ladan awa ya kama wajen Naira 404. In aikin mako awa 48 ne, a wata awa 208, ladan awa wajen Naira 337. In kuwa aka ce wata kwana 30 ne, kowace rana awa 8, aka raba da 240, ladan awa ya sauko wajen Naira 292. Yanzu a ce mutum ya yi ƙarin awa 20 a wata, a ninki ɗaya da rabi. Bisa lissafin farko zai karɓi Naira 12,115, bisa na biyu 10,096, bisa na uku 8,750. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai Naira 3,365 kowane wata. A wuri mai ma'aikata ɗari, abin ya haura Naira dubu 336 a wata. Raba da 240 ga mai aikin awa 40 zalunci ne, gama an ƙidaya masa ranakun hutunsa kamar ranakun aiki don a rage darajar awarsa. Adadin da za a raba da shi dole ya fito daga sa'o'in da ke cikin takardar sharuɗa. A kuma faɗa a fili ko tsurar albashi a ke rabawa ko har da alawus.

Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan aikin lokaci-lokaci irin na gona ba. A ƙasa irin tamu mai leburorin kaka da na rani, wannan yana nufin a wuri guda za a sami mutane iri biyu ko uku, kowane da sharaɗinsa. Sai a kasa su rukuni-rukuni cikin inji, kada a auna su da mudu ɗaya.

Haka nan abin da a ke cirewa. Dokar fansho ta 2014 ta sa kashi 8 cikin ɗari a kan ma'aikaci, kashi 10 a kan mai aiki, ga ma'aikatan Tarayya da kamfanoni, kuma mafi ƙarancin abin da a ke lissafawa a kansa shi ne tsurar albashi da kuɗin gida da na sufuri. Ladan ƙari ba ya ciki sai in yarjejeniya ta sa shi. Haraji kuwa yana hawa kansa kamar sauran albashi, kuma daga Janairu 2026 sabuwar dokar haraji ta yafe Naira 800,000 na farkon abin da mutum ya samu a shekara. Wanda injinsa ke bin tsohon ma'auni, ya gyara.

RANAKUN HUTU DA DANGWALA YATSA

Ranakun hutu iri-iri ne. Akwai masu tsayayyar rana, kamar 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba da Kirsimeti. Ko su ma su kan sake, gama Ranar Dimokuraɗiyya dā 29 ga Mayu ce, daga 2019 ta koma 12 ga Yuni. Akwai kuma waɗanda ke bin ganin wata, watau Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi, waɗanda ba a tabbatar da su sai Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa, Gwamnati kuma ta faɗi ranakun hutu. Wani lokaci Jiha ta kan ƙara nata. Babu injin da zai san waɗannan da kansa. Sai a sa mutum guda wanda aikinsa ne ya shigar da su da zarar an sanar, kafin a rufe lissafin wata.

Wurare da yawa sun sa na'urar dangwala yatsa a maimakon tankifa. Tana hana wani ya amsa sunan wani, wannan kuwa alheri ne. Amma mu sani, wanda ya shekara talatin yana riƙon fartanya, zanen yatsansa ya kan shafe, na'ura ta ƙi shi. Wuta ta kan ɗauke. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Duk tsarin da ba ya aiki sai da intanet, a irin wannan hali ya zama gawa. Saboda haka kada a jefar da rajistar takarda, a bar ta bakin ƙofa, da hanyar shigar da abin da ke cikinta daga baya. Zanen yatsa kuma amana ce, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa shi cikin abubuwan da a ke tsarewa ƙwarai.

Sai maganar cike minti. Inji ya kan tambaya ko a mai da lokaci zuwa kwatar awa mafi kusa. In za a yi, a yi ta ɓangare biyu. Waɗansu su kan sa makarar minti biyar ta zama kwata, amma jinkirin tashi na minti goma ya zama banza. Minti goma a yini, cikin kwana 26, awa huɗu ne da minti ashirin. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana a ci ma'aikaci tara daga albashinsa, ya ce jimlar abin da a ke cirewa a wata kada ta wuce sulusi. In kuma an biya mutum fiye da hakkinsa bisa kuskure, abin da aka biya cikin wata uku kafin watan da aka gano shi kaɗai a ke iya cirewa. Ashe mai aikin da ya bar kuskure ya daɗe cikin injinsa, shi ma kansa ya ke yi wa.

WA YA BA DA IZINI?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ladan ƙari ƙofa ce da ɓarna ta saba bi, ko dā can zamanin bauca da tambari. Maganinta kuwa bai sake ba. Wanda ya tsara duti dabam, wanda ya ba da izinin ƙari dabam, wanda ya biya dabam. Kowa da mabuɗinsa na shiga inji, kada a ara wa juna, kuma a kunna wurin da ke rubuta wanda ya sake wani abu da ranar da ya sake. Ma'aikaci kuma a ba shi takardar albashi mai nuna sa'o'in kullum, da na ƙari, da ladan kowace awa, yadda ɗansa ɗan aji shida zai iya bin lissafin da fensir.

Daga ƙarshe, kada a sauka daga tsohon doki sai an gwada sabo. A yi wata biyu ko uku a na lissafi ta hanya biyu, da hannu da inji, a gwama. A zaɓi mutanen da lissafinsu ya fi wuya, maigadi, da mai dafa abinci, da wanda ya yi aiki ran Salla, da wanda aka ɗauka tsakiyar wata, a bi nasu ɗaya ɗaya. Jihar Kwinsland ta ƙasar Ostireliya ta kunna sabon injin albashin ma'aikatan asibitocinta, su kusan dubu 80, a watan Maris na 2010, tun bai gama nuna ba. Sharuɗan dutinsu da alawus suna da yawa ƙwarai, inji ya rikice, dubbai suka sami ragi, ko ƙari, ko ba su sami kome ba. Sai da hukumar bincike ta zauna a kan lamarin a 2013, kuma an ƙiyasta abin da gyara da tafiyar da tsarin za su ci ya haura dalar Ostireliya biliyan ɗaya.

Kada wani ya ɗauka jerin sunayen masu duti ƙaramin abu ne. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley ta Inugu. Cikin abubuwan da suka hura wutar rigimar akwai tsarin nan na rubuta leburori fiye da aikin da ke akwai, kowace safiya a zaɓi masu shiga rami a kori saura, da kuɗin baya da ma'aikata suka ce suna bi saboda shi. Yau akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma abin da za ta fara nema shi ne takardar sharuɗa da littafin sa'o'i.

To, 'yan'uwa akawuna, ranar da aka kawo muku sabon inji aka ce ku shirya shi, kada ku ji kunyar cewa a ba ku sharuɗa a rubuce da sa hannun shugaba. Ku tambaya, awa nawa ne aikin mako, da me a ke raba albashi, wace rana ke da dutin dare, wa ke ba da izinin ƙari. In ba a ba ku amsa ba, kada ku ƙaga da kanku, gama ranar da magana ta tashi ku za a kira. Ku kuma malamai, ku ɗauki misalin Naira 70,000 ɗin nan ku kai wa yaranku a aji, su raba da 173 da sulusi, su raba da 240, su faɗa muku bambanci. Iyayen da yawa daga cikinsu masu gadi ne da leburori, kuma a ƙarshen wata su za a miƙa wa takardar albashi a ce su karanta.